Obin Ɗin da Aka Yafa wa Leshi

Ni na zaɓe shi. Wannan nake so a fara sani, domin duk wadda ta shiga kicin ɗin ƙanwata a Nguru sai ta yaba mata da iya zaɓen kaya, ita kuwa ta yi murmushi ta karɓe yabon. Ranar da aka je sayen kayan ɗakinta ko ƙofar gida ba ta leƙa ba, tana zaune ana yi mata dilka. Ni da Inna da Goggo muka sha ranar kasuwar Gashuwa.

Tun ina sakandare nake yin kek a tukunya. In ɗebo yashi daga bakin kogi, in tankaɗe, in zuba a gindin babbar tukunya, in jera gwangwanaye a kai, in rufe, in zuba garwashi a kan murfin. Wuta sama, wuta ƙasa, ni a tsugune ina fifita. Wanda ya san zafin garinmu ba sai na yi masa bayani ba. Bayan hannuna duk tabon murfi ne. Kek ɗina yana da daɗi, kowa ya shaida, amma na gefe kullum sai ya fi na tsakiya duhu, kuma komai na yi sai an ji ɗan warin hayaƙi a ciki.

Shi ya sa da na ga obin ɗin, wato injin gasa kek, a shagon kayan wuta na tsaya cak. Ƙarami ne, irin wanda ake ɗorawa a kan tebur, baƙi, da ƙofar gilashi da abin murɗawa guda uku. Mai shagon ya ta da janareta ya gwada mana. Akwai wata 'yar fanka a ciki mai zagaya zafi ko'ina, don kada gefe ya ƙone tsakiya bai nuna ba. Na sa hannu a bakin ƙofar na ji iskar mai zafi, zuciyata ta ce min wannan nawa ne.

Na ce, "Inna, ki saya min."

Ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana. Ta ce, "Ke, in naki ya zo a saya miki. Yanzu na amarya ake yi."

"Amaryar da ko ƙwai ba ta iya fasawa ba sai da ɓawo a ciki?"

Goggo ta ce, "Za ta koya. Kicin ɗin 'yan zamani ba ya cika sai da shi. Ɗauko mana, malam."

Ni na riƙe kwalin a kan cinyata tun daga Gashuwa har Nguru ranar jere. Motar cike da buhunan tattasai a baya, kowa yana atishawa, ni kuwa na rungume kwalin don kada ramukan hanyar Jajimaji su fasa gilashin. Kayan wata nake wa wannan hidimar.

A gidan angon an sa kafinta ya yi kanta mai gida-gida a kicin, ya kuma yanka wa obin ɗin nasa gurbin, daidai da jikinsa, ko yatsa ba ya shiga ta gefe. Soket ɗin yana can bayan kantar. Sai da aka jona filogin sannan aka tura kantar ta manne da bango, ke nan ba mai iya zarewa sai an janye katakon gaba ɗaya da kulolin da ke kansa. Na ce musu mai shago ya ce abin yana son iska ta baya da gefe, kuma ba a ɗora masa komai.

Wata ƙawar Inna ta juyo ta kalle ni sama da ƙasa. "Jere nawa kika taɓa yi, 'yan mata?"

Aka kwashe da dariya. Aka ɗauko farin leshi mai ramuka aka yafa masa, aka ɗora furen roba ja a kai, aka ja baya ana kallo ana cewa ma sha Allah. Na fita waje na tsaya a rana don kada in faɗi abin da zai sa Inna ta mare ni a gidan surukai.

Watanni suka shuɗe obin bai ga fulawa ba. Duk zuwan da na yi sai in ɗaga leshin in duba, ledar da ke kan farantinsa ma ba a cire ba. Ƙanwata tana goge shi kowace safiya da tsumma mai laushi. Da azumi ya gabato na ce ta ba ni aronsa in yi kek ɗin salla in dawo mata da shi.

Ta ce, "Yaya, ni ba ni da matsala, ki tambayi Inna."

Inna ta ce ba a ɗaukar kaya daga jeren amarya, dangin miji za su ga gurbi su ce aro aka yi aka cika ɗaki. Na yi kek ɗin sallar a yashi, na ƙara tabo ɗaya a hannu.

Sai matar yayan angon ta haihu. Uwar mijin, wadda kowa ke kira Hajiya, ta ce ai yanzu suna da mai injin kek a gida, amarya ce za ta yi na suna. Ƙanwata ta amsa da to. Tana komawa ɗaki ta kira ni a waya.

"Yaya, ki rufa min asiri."

"Ki goge shi da tsumma mana, ƙila kek ya fito."

"Don Allah, Yaya. Ki zo ki yi, a ce ni na yi."

Na ce zan zo, amma da sharaɗi, salla mai zuwa obin zai kwana a Gashuwa, ita ta san yadda za ta yi da Inna. Ta ce ta amince. Na haɗa gwangwanayena, na kuma ɗauki tukunyata da ƙullin yashi, domin na san halin wuta, a Nguru ko a Gashuwa duk ɗaya ne.

Ana gobe suna muka fara da hantsi, akwai wuta. Na cire leshin da furen na jefa kan kujera. Na so a fito da obin ɗin daga raminsa, wayar ba ta kai ba, na haƙura. Na kwaɓa, na zuba, na saka. Ƙanwata ta ce ita za ta riƙa murɗawa, ko ba komai in an tambaye ta ta san abin faɗa. Abin murɗa lokacin yana da hanya biyu. In ka kai shi dama sai ya yi ta ƙyas-ƙyas har ya buga ƙararrawa ya kashe kansa. In ka kai shi hagu kuwa ba ya mutuwa sai hannu ya mayar da shi. A zubin farko ya kashe kansa kek bai gama ba, na yi tsaki, sai ta mayar da shi hagu don kada in sake yi mata tsawa.

Ba zan manta fitowar zubin farkon nan ba. Launi ɗaya daga gefe har tsakiya, sun taso sun yi ƙozo, ba toka, ba hayaƙi, ban ko yi gumin kirki ba. Na gutsura na sa a baki, daɗin ya sa na ji haushi. Shekaru ina tsugune a gaban garwashi, ashe abin da nake nema yana nan a zaune an yafa masa leshi a gidan wadda ba ta san bambancin bota da man gyaɗa a kwaɓi ba. Hajiya ta shigo ta ɗauki ɗaya ta ci.

Ta ce, "Kai, amarya, ashe haka kika iya? Allah Ya yi miki albarka."

Ƙanwata ta sunkuyar da kai ta ce amin. Ni kuma Hajiya ta ce min sannu da taya ƙanwarki aiki. Na ce yawwa, na ci gaba da kankare roba da ƙarfin da ya fi na kankara.

Muna cikin zubi na uku aka ɗauke wuta. Kwaɓin kek ba ya jira, in ya zauna sai ya kwanta. Na zaro farantin da tsumma, na nufi tsakar gida in hura gawayi. Daga bakin ƙofa na ce mata, "Kin kashe?"

Ta ce, "Ba ki ga jar fitilar ta mutu ba?"

Hannuna yana ƙuna, ban tsaya ba.

Na koma sana'ata ta gado a gindin darbejiya, tukunya da yashi da mafici. Matan gidan suna wucewa suna cewa, af, an koma na gargajiya? Ƙanwata kuwa da ta ji 'yan uwan mijinta daga Karasuwa sun iso kuma za su shigo gaishe ta, sai ta share kicin, ta goge obin ɗin da ya riga ya huce, ta mayar masa da leshinsa da furensa. Har da wata sabuwar kular roba ta cusa a ɗan sararin da ke samansa. Ta ja ƙofa, ta tafi falo karɓar baƙi.

Bayan la'asar na ji fankar falo ta tashi, mata suna cewa alhamdu lillahi an kawo wuta. Ban motsa ba, ina da zubi a tukunya. Can na ji wari. Na buɗe murfin da sauri na zaci nawa ne, kek lafiya lau. Warin roba ne. Da na ɗaga kai na ga baƙin hayaƙi yana silalowa ta tagar kicin.

Kafin in isa har an fara salati. Kular ta narke ta zubo ta bayan obin ɗin, leshin ya kama, harshen wuta yana lasar katakon sama. Wata daga cikin baƙin ta taho da bokitin ruwa a guje. Na tare ta da ƙirji har ruwan ya jiƙa mu duka.

Na ce, "Kada ki watsa! A jone yake, za ki kashe mu!"

Ba damar zare filogi, yana bayan kanta. Na yi ihu a kashe wutar gidan daga wajen mita. Angon ya fito daga rumfar maza babu takalmi ya kashe. Na koma gindin darbejiya na suro ragowar ƙullin yashina na watsa a kan leshin da robar, na ƙara, na ƙara, har wutar ta mutu. Ƙanwata tana jingine da bango tana kuka. Na duba abin murɗa lokacin, yana nan a hagu inda ta bar shi.

Ba wanda ya ƙone. Katakon ya yi baƙi, bango ya yi baƙi, kek na cikin tukunya da na manta da shi ya zama gawayi. Maza suka janye kantar suka fito da obin ɗin tsakar gida. Jan furen ya narke ya manne a kansa, gefen ƙofar ya ɗan karkace. Kowa yana jajanta wa amarya. Ni obin ɗin nake kallo, ina jin kamar ɗana aka ƙona.

Angon ya ce, "Wannan abin ba zai sake kwana a gidan nan ba."

Ban jira an tambaye ni ba. Na ce, "To zan tafi da shi."

Ya ce, "Yaya, ki rufa wa kanki asiri, kada ya ƙona ku."

"Ni ba na yafa wa wuta mayafi."

Goggo, wadda ta iso tare da Inna don taya aikin suna, ta harare ni, Hajiya ta yi kamar ba ta ji ba. Inna ta buɗe baki za ta yi maganar gurbi a jere, ta kalli baƙin katakon, ta rufe. Bayan suna na sa shi a kwalinsa, na sake rungume shi a mota, wannan karon zuwa gidanmu.

Mai gyaran rediyo na bakin layinmu ya buɗe shi ya canja wayar, ya ce cikinsa lafiya. Na kankare robar da wuƙa, abin da ya ƙi fita na bar shi. Na ɗora shi a kan bulo biyu a baranda, nesa da bango, ba komai a kansa ko kusa da shi. Soket ɗinsa shi kaɗai ne, a inda hannuna ke kaiwa. Ana ɗauke wuta nake zare filogin, ko da hannuna yana cikin kwaɓi. Ba na zuwa ko bayi in bar shi a kunne. Ƙofar ba ta rufuwa sosai, sai na tokare ta da ƙaramin dutse, kuma ranar da wutar ta zo ba ƙarfi fankar kan yi ta nishi, kek ya ɗauki lokaci ninki. Tukunyata tana nan, ban jefar ba. Duk da haka kek ɗin sallar bana ya fito launi ɗaya, na kai wa Inna ta ci ta ce ba laifi.

Na ɗan ji sanyi a raina, sai dai bai daɗe ba. Da yammacin ranar sallar ƙanwata ta turo min hoto a waya. Mijinta ya ce bai so ta riƙa shiga kicin tana ganin gurbi tana tuna tsoro, ya sa an kawo mata sabo daga Kano. Fari ne, ya kusa ninka nawa, faranti biyu yake ɗauka, ƙofarsa biyu, kuma wai shi ko an ɗauke wuta an dawo da ita ba ya tashi sai an danna. A ƙarƙashin hoton ta rubuta, "Yaya, yaushe za ki zo ki gwada mana?"

Na buɗe hoton da yatsu biyu na duba samansa. Sabon leshi ne, ruwan hoda. Na rubuta mata, "Cire wannan tsummar tukuna." Na kife wayar, na tashi na je na gyara dutsen da ke tokare da ƙofar nawa.