Ranar da Aka Ce In Yabi Kaina

Ina shagon yayana a Gashua, na jingina waya da buhun shinkafa, matar da ke tantance ni ta wayar daga wani kamfani a Legas ta ce in faɗi abin da na fi kowa iyawa. Manaja suke nema da zai jagoranci manhajarsu ta dillalan kifi. Shekara shida ina cikin masu banda a Nguru, babu damuwarsu da ban sani ba. Amma a gidanmu, mai yabon kansa dariya ake masa. Na sunkuyar da kai na ce, "Alhamdu lillahi, ana dai taɓawa."

Wanda suka ɗauka bai taɓa shaƙar hayaƙin banda ba. Har yau ni yake bugo wa yana tambaya, ni kuma, tsabar tarbiyya, ina ba shi amsa.