Ranar Da Na Raka Auta Kallon Gawarwaki Masu Tafiya

Akwai wata Asabar da har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. Ita ce ranar da na fara shiga gidan silima, ina da shekara hamsin da ɗoriya.

A lokacin muna zaune a garin Woodbridge, can ƙasar Turawa, maigidana yana aiki a wani asibiti. Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, shi ma sai da na yi haihuwa biyu na shiga, don haka aikin ofis bai same ni ba. Abin da na iya, wanda na koya a wurin kakata, shi ne wankan gawa. Mu uku ne mata da ake kira idan wata 'yar'uwa Musulma ta rasu a yankinmu, kuma ni ce ƙarama a cikinmu.

Autata ba ta son wannan aiki nawa. Duk ranar da na je wanka, ba ta cin abin da na dafa, ba ta yarda in taɓa mata kai. Sai ta ce ta ƙoshi, ta zuba madara a kwano ta haye sama. Ban taɓa yi mata faɗa ba, amma abin yana cina. Abin mamaki, yarinyar nan ba ta da abin so kamar wani fim na matattu da ke tashi suna cin mutane bayan duniya ta lalace, waɗanda yara ke ce wa zombi. Ta ga na farko da yayanta tun tana ƙarama, ta shekara biyar tana jiran ci gabansa. Har kwanaki take ƙirgawa a jikin firij.

Da fim ɗin ya fito sai ga matsala. Ba a barin wanda bai kai sha bakwai ba ya shiga sai da babba, ita kuwa sha shida gare ta. Yayanta yana makaranta a wata jiha, babanta yana bakin aiki. Ni kuma a safiyar nan aka kira ni garin Annandale, wata tsohuwa 'yar Nijar ta rasu. Na dawo da azahar na sami Auta a bakin ƙofa da takalmi a ƙafa.

Da Hausarta mai ɗingishi ta ce, "Umma, don Allah. Zama kawai za ki yi. Ki rufe ido idan kina so."

Na ce, "Kin san daga inda nake?"

Ta sunkuyar da kai. "Na sani."

Na yi wanka, na yi salla, muka tafi. A mota bayan kujerata ta zauna.

Gaskiya ban ji tsoro ba. Ƙarar ce dai ta dame ni, da sanyin ɗakin. Da matattun suka fara fitowa suna gurnani, sai na raɗa mata, "Auta, waɗannan ba su taɓa ganin gawa ba. Gawa ai kunya gare ta, ko yatsa ba ta ɗagawa."

Ta ce, "Umma, shhh!" Wani Bature a gabanmu ya waiwayo, na kama bakina.

Can aka zo wurin da matattun suka fasa wata ƙofa. Auta ta zabura, gugguru ya watse, ta cafke hannuna da hannu biyu. Ban motsa ba, ko numfashi mai ƙarfi ban yi ba, kada ta tuna hannun mai wankan gawa ta riƙe. Ta fi rabin awa tana riƙe da shi.

Abin da ya karya min zuciya daban ne. A cikin fim ɗin akwai wata yarinya da mahaifiyarta ta mutu a hanya. Don gudun kada ta tashi, sai abokan tafiyarsu suka bar gawar a gefen titi, babu wanka, babu ko ƙyallen rufe fuska, suka ja mota. Na san wasa ne, amma hawaye suka zubo min, har aka kunna fitilu ban gama sharewa ba.

A wurin ajiye motoci ta dube ni tana dariya. "Ashe kin ji tsoro! Ke da kika ce ba kya tsoro."

Na ce, "Ba tsoro ba ne. Matar nan da aka bari a titi ce."

"Umma, ai dole ne su bar ta."

Na ce, "Haka ne. Tsohuwar da muka wanke yau, 'ya'yanta mata uku ne. Duk suna waje a tsaye, babu wadda ta iya shiga. Mu da muke yi kuwa, ɗaya ta fara riƙe sanda, ɗaya tana shirin komawa gida. Ina ta tunanin wa zai wanke ni a ƙasar nan."

Ban yi niyyar faɗa mata haka ba, fitowa kawai ya yi. Ta buɗe ƙofar gaba ta zauna kusa da ni, muka kama hanya. Da muka isa gida na ɗumama miyar kuka, na tuƙa tuwo. Ta wanke hannu ta zauna, muka ci a kwano ɗaya.

Bayan kamar wata huɗu aka sake kirana. Ina ɗaura ɗankwali ta leƙo ta ce, "Idan na zo, sai na taɓa?"

Na ce, "A'a. Buta za ki riƙe, ki zuba inda na nuna miki."

Ranar ruwan ya fi zuba a ƙasa. Da muka gama, muka naɗe gawar a likkafani, ta ce min a hankali, "Kamar barci take yi." Yanzu ta yi aure tana garin Clinton, kuma idan aka yi rasuwar mace, wayarta ake fara kira kafin tawa.

Abin da na koya shi ne, ba a cire wa yaro tsoro da faɗa ko wa'azi. Shekara biyu ina jiran ta zo inda nake, ashe ni ya kamata in fara zuwa inda take. Da na zauna na kalli nata matattun, sai ta yarda ta zo ta ga nawa.