Tabon da aka koya mini in ce na murhu ne

Salamu alaikum jama'a. Masu tambaya ko Rabi mai ɗinki ta mutu, ban mutu ba. Tun kafin damina na yi shiru. Da hagu nake danna wannan rubutu, in kun ga kuskure ku yi haƙuri, hannun dama ba ya nan.

Duk mai kawo mini ɗinki a Cadawa ya san tabon ƙunar da ke hannuna na dama. Kowa ya tambaya sai in ce ina ƙarama na faɗa murhu. Haka aka koya mini in ce.

Abin ya fara da ƙaiƙayi a tsakiyar tabon, sai ya fashe, ɗan gyambo kamar ƙwayar wake. Na shafa man kaɗe, na ci gaba da taka kekena. A ƙaramin asibitin garinmu aka yi ta wankewa ana ɗaurewa, shi kuwa sai faɗi yake. Da ya fara wari har maigidana Isuhu yana kau da kai, aka tura mu Maraɗi.

Kun san asibiti sai da mai jinya. Isuhu yana gona, ɗiyata Balki shekararta shida. Sai Baba ya aiko yayarsa, Gwaggo Indo, wadda ta riƙe ni a ƙauyensu wajen Sae Sabuwa bayan rasuwar uwata.

Lokotoro, wato likita, ya juya hannun ya ce, "Wannan ƙuna yaya aka yi ta?"

Kafin in buɗe baki Gwaggo ta ce, "Murhu ta hwaɗa. Ɗiyar ga ba ta jin magana tun tana ƙarama."

Ya ce, "Wanda ya faɗa wuta da tafi yake dafawa. Wannan ta zagaye har wuyan hannu, kamar an tsoma shi."

Na sunkuyar da kai.

Tsoma shi ɗin aka yi. Ƙuli-ƙuli na ci cikin na talla, yunwa nake ji. Gwaggo ta kama hannuna ta tsoma cikin man da take suya, ta ce hannun da ya ɗauka shi zai ji. Baba ya zo ya gani, ya ce wanda ya riƙe maka ɗa ba a bincikarsa.

Aka yanki ɗan nama aka aika Yamai. Jiran nan ya fi ciwon cin rai. Akuyoyina suka tafi a kuɗin awo da magani, kekena ya bi su. Sakamako ya zo: ciwon daji ne. Lokotoro ya ce tsohon tabon ƙuna yakan rikiɗe haka, kuma in ana son raina sai a yanke ƙasa da gwiwar hannu.

Na ji tsoro, wallahi na ji. Aka yanke.

Gaskiya ɗaya ce, Gwaggo ta yi jinya. Ta kwana a tabarma, ta wanke ni, ta ba ni kunu a baki da hannunta. Ranar da aka fito da ni daga ɗakin aiki kuka take yi. Har yau ban san inda zan ajiye wannan a zuciyata ba.

Wata mata mai aikin kare yara ta zo gadona, lokotoro ya turo ta, lokacin Gwaggo ta fita sayen ruwa. Matar ta ce, "Lokacinku babu wurin kai ƙara. Yanzu akwai, amma sai na cikin gida ya yi magana." Na ce mata ai an makara.

Ciwo ya warke, an ce bai bazu ba. Na dawo gida ina murna na tsira. Ashe!

Baba da Gwaggo suka zo, suka zauna da Isuhu. Gwaggo ta ce, "Mai hannu guda ba ta daka, ba ta wanki, ina ita ina rainon ɗiya? A ba ni Balki."

Ranar na faɗi abin da ban taɓa faɗa ba, da ƙarfi, har maƙwabta suka leƙo.

Gwaggo ko gezau. Ta ce, "Da ban yi miki haka ba, da ɓarauniya kika tashi."

Baba ya ce, "Ke Rabi, matar da ta kwashe ƙazantarki a asibiti? Ki kai yayata gaban jandarma, ba ni ba ke."

Isuhu ya ce in yi haƙuri, abin da ya wuce ya wuce. Aka ɗora Balki a amalanke da ƙullin kayanta.

Na gode wa Allah da ya bar ni da rai. Na gode wa lokotoron da ya yi tambayar da ba wanda ya taɓa yi, da ku da kuka yi ta addu'a.

Mai tsohon tabon ƙuna, in ya fashe ya ƙi warkewa, kada ka tsaya shafe-shafe, je asibiti da wuri. In ka ga yaro da ƙuna aka ce faɗuwa ya yi, ja shi gefe ka tambaye shi. Ni ba ni da bakin ba da shawarar da ta wuce wannan, tawa ɗiyar ma ban iya riƙe ta ba.

In na samu na mota nakan je ganin Balki. Kafin in gaida kowa, hannayenta nake kamawa in juya, ɗaya bayan ɗaya. Zuwana na ƙarshe lafiya lau suke.

Na tarar an fara ɗora mata tallan ƙuli.