Khala Saude, wadda ta kai mu bakin bahar

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Khala Saude ta rasu.

Da safen nan 'yarta Khulud ta kira ni, ina tsaye ina dama wa yara koko. Sai gani na yi na zauna a ƙasan kicin, ludayi a hannu. Na yi kuka sosai. Amma wallahi ina kukan dariya na neman ƙwace mini, don duk abin da na tuno game da matar nan na farin ciki ne.

Ga waɗanda ba su san ta ba, maƙwabciyata ce a unguwar Nuzla, ƙofarmu na kallon tata. Iyayenta 'yan Damagaram ne, ita kuma a nan Jidda aka haife ta, shi ya sa Hausarta rabi Larabci ce. Kowa Khala yake ce mata, wato 'yar'uwar uwa da Larabci, har waɗanda suka girme ta.

Da na taso daga Gusau na zo wajen maigidana, na daɗe ban san ko'ina ba sai ɗaki. Shi yana shagon kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa, tun safe. Ni ba Larabci, ba ƙawa. Har ramewa na yi.

Wata Juma'a da la'asar ta buga mini ƙofa.

"Ke 'yata, kin taɓa ganin bahar?"

Na ce a talabijin dai.

Ta dafe ƙirji. "Kina Jidda? La'ilaha! Yalla, ɗauko abayarki, ni zan yi wa mijinki bayani."

Ranar na fara ganin Kornish, wurin shaƙatawa na bakin teku. Ruwa shuɗi har inda ido ya ƙare, iska mai ɗanɗanon gishiri, iyalai sun baje darduma ko'ina, yara na gudu da askirim yana narke musu a hannu. Na tsaya nesa ina tsoro. Ta cire takalminta, ta cire mini nawa da hannunta, ta ja ni.

Ashe haka take yi wa kowace baƙuwa. 'Yan Nijar, 'yan Cadi, mu 'yan Najeriya, duk ta haɗa mu a guruf ɗaya a waya. Ranar fita kowa da abin da za ta kawo: wannan filas ɗin shayi, waccan dambu, Khala kuma shinkafa da soyayyen kifi. In kika ce kin gaji, sai ta ce gajiyar ma ki taho da ita, akwai wuri a mota.

Lokacin zafi takan samo mana ɗan gidan hutu a Ubhur, can arewa da gari, inda yashi yake da laushi, ruwan kuma garai-garai har kana ganin ƙananan kifaye suna zagaya ƙafarka. Mata zalla. Nan za ka ga manyan Hajiyoyi sun tattare zani suna watsa wa juna ruwa.

Abin da ba zan taɓa iya biyan ta ba shi ne na mahaifiyata.

Inna ta zo umara bayan rasuwar Baba. Gwiwoyi sun ƙi, a keken marasa lafiya muke tura ta. Magana ma ta daina, sai "to" da "a'a". Na tsorata, na ɗauka haka za ta koma gida ta ƙarasa lalacewa.

Khala ta shigo gaishe ta, ta dube ta da kyau, ta ce, "Hajiya, gobe za mu bahar."

Inna ta ce ita ta tsufa da yawo.

"Ni ma na tsufa. Halas, mu je mu tsufa a can."

Muka je. Keken ya kafe a yashi, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Khala ta ƙwala wa mata kira, muka ciccibi Inna da kekenta gaba ɗaya, muka dire ta inda ruwa ke taɓa ƙafarta. Inna ta zuba wa ruwan ido. Can ta sunkuya ta ɗibi ruwan ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska.

"Wace marar hankalin ce ta yi wannan miya?"

Muka fashe. Ita ma ta fashe, har da hawaye, tana riƙe da hannun Khala. Rabon da in ji dariyar Inna tun Baba na da rai. Daren ranar ta ci abinci har da ƙari.

Haɗuwarmu ta ƙarshe da Khala a Ubhur ɗin ne, cikin watan nan. Zuciya ta riga ta fara ba ta wahala, Khulud ta so hana ta fita. Sai ta ce, "Likita cewa ya yi in huta. Bai ce a ina ba."

Ta zauna a kujera, ƙafafu cikin ruwa, tana ba da oda: wance ƙaro sukari, wance daina selfi ki zo ki ci. Igiyar ruwa ta zo ta tafi da silifas ɗinta ƙafa ɗaya. Muka tashi za mu bi, ta hana.

"Ku bar masa! Shekara da shekaru yana ba ni daɗi, ban taɓa ba shi komai ba."

Da silifas ƙafa ɗaya ta shiga mota, tana dariya, ta ce mini in kula da tukunyar kifi kada ta zube.

Bayan la'asar za a yi mata sallah.

Ya Allah, baiwarka Saude ta faranta wa baƙi da marasa kowa. Ka faranta mata. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka shayar da ita daga Alkausara, Ka ba Khulud da 'yan'uwanta haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan, ko bai san ta ba, ya tsaya ya yi mata addu'a kafin ya wuce.