Kawu Sale da Murar Kaji

Duk wanda ya san Kawu Sale a Kwaciri ya san ba ya amsa gaisuwar safe sai ya gama sauraron ƙirjin kajinsa. Ɗaya bayan ɗaya yake ɗauka ya kara a kunne. Wai aikin da ya yi a reluwe, yana ƙwanƙwasa ƙafafun jirgi da guduma, shi ya koya masa jin ɓarna tun ido bai gani ba. Nasa ƙirjin kuwa sai kuka yake kamar tsohon famfo. Ni 'yar ƙanwarsa, wata biyu ina fama da shi ya je asibiti.

Ana haka mura ta shiga akurki: atishawa, minshari, idanu a kumbure. Na ce, "Kawu, a yanka su kafin su zama mushe."

"Ke da kika yi mura bara, yanka ki muka yi?"



Ya dafa darbejiya da tafarnuwa, ya shige bargo da kaji uku, wai surace. Wayyo! Ya fito fuska duk yakushi, yana cewa, "Kin gani? Ƙarfi ya fara dawo musu."

Da huɗu suka mutu, na je Sabon Gari wurin Mama Ngozi mai maganin kaji. Ta ba ni na zubawa a ruwa, ta ce a ware marasa lafiya. Ya ware su kuwa. Ya ba su ɗakinsa, shi ya koma baranda, ana tsakiyar damina!

Sau uku ina kawo ɗan adaidaita, sau uku yana sallamarsa. "Sai kazata Wake-wake ta daina minshari. Direba ba ya barin jirgi a daji."

Ran da kazar ta fito tana tono, da kansa ya sa hula ya ce mu tafi. Likita ya duba hoton ƙirjin, ya dube ni.

"Ina kuka shiga tuntuni?"

Kawu ya ce, "Jinya muke yi, likita."

Kwana shida ya yi a gadon asibitin.

Wallahi ya gajiyar da ni, kuma har yau haushin kaina nake ji da ban sa an ɗauke shi cak ba. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sanyaya makwancinsa. Ya yafe masa taurin kai, ni ma Ya yafe mini biye masa da na yi.