Tsakanin "Ya" da "Ta": Bankwana da Baba Adewale

"Ke yake nufi, Talatu. Na faɗa musu, ba wanda ya saurare ni."

Da wannan matarka Mama Funmilayo ta tare ni, ban ma gama cire takalmi ba, ranar da na je yi mata gaisuwar rasuwarka. Ka rasu ranar Laraba, sha biyu ga Maris, a gidanka na Gyadi-Gyadi, bayan watannin da ka yi a kwance da shanyewar ɓarin jiki. A waya na ji labarin kamar wata bare, ni da nake nan Tarauni, tafiyar ƙafa.

Baba, ka zo Kano daga Ogbomosho kana saurayi, ka koyar da tarihi a sakandare har ka yi ritaya. Ka iya ciniki da Hausa fiye da mu 'yan gari, amma abu ɗaya ya gagare ka har ka koma: raba namiji da mace a magana. Yarabanci bai raba ba, kai ma ka ƙi. Matarka "shi" ce, ni kuma tun ina ajinka "kai" nake. In aka gyara maka sai ka ce Allah ya san wanda kake nufi.

Unguwa ta san ka da baranda. Duk yaron da jarrabawa ta tasa a gaba, ɗan coci ne ko ɗan masallaci, nan yake zama ka yi masa bita. Lokacin da mahaifiyata ta kwanta jinya, kai ka riƙa kai ta asibiti a tsohuwar motarka wadda sai an tura take tashi, kuma ba ka taɓa yarda cewa laifin motar ba ne. Ranar jana'izarka Malam Audu mai shago ya rufe shagonsa, shi ya yi ta jigilar kujeru.

Ni 'yar gidan Hausawa Kiristoci ce. Saboda kai na karanta tarihi a jami'a, na dawo da digiri da tarin tambayoyi, na daina zuwa coci. Matan zumunta na cocinmu suka sa ni a addu'a, wanda a wajenmu ma'anarsa an gama da mutum. Kai kuwa kujera ka ajiye mini, duk Asabar da yamma, da zoɓo mai sanyi.

A kan gicciye Almasihu ba mu daɗe muna ja ba. Ka nuna mini cewa wani marubucin tarihin Rum, wanda ko kaɗan ba ya ƙaunar Kiristoci, ya rubuta cewa an kashe Almasihu a zamanin Bilatus. Na yarda. Amma na ce maka kisa ba abin mamaki ba ne, Rumawa sun iya shi. Tashi daga matattu ne maganar. Na ce an rubuta bisharu, wato littattafan Linjila, shekaru da dama bayan abin ya faru, kuma ko a kan yawan matan da suka je kabarin ba su daidaita ba. Ka ce shaidun da bakinsu ya zo ɗaya tsaf su ne abin tsoro, don sun zauna sun shirya. Ka ce almajiran sun ba da ransu a kan abin da suka ce sun gani. Na ce mutuwa a kan magana tana nuna mutum ya gaskata ta, ba ta nuna maganar gaskiya ce. Ka daki tebur don murna, kamar kai ka ci.

Hujjar da ka fi so ita ce ta mata. Ka ce a wancan zamani ba a ɗaukar shaidar mace da nauyi, don haka mai ƙirƙirar labari ba zai sa mata su zama farkon waɗanda suka tarar da kabari ba kowa ba, sai dai in haka abin ya faru. Na ce, "To, Baba, ashe babbar hujjarku ita ce maza ba sa sauraron mata." Ka yi dariya har da tari.

A Asabar ɗinmu ta ƙarshe na kawo maka wadda nake ji da ita. Na ce a tsofaffin kwafe-kwafen bisharar da masana suka ce ta fi tsufa, labarin ya tsaya ne a inda matan suka gudu a tsorace ba su gaya wa kowa ba, sauran kuma daga baya aka ƙara. Ranar ba ka daki tebur ba. Ka ce in dawo mako mai zuwa. Kafin makon ya zagayo ka faɗi.

Da na je dubiya, ɗanka Damilola ya tsayar da ni a bakin ƙofa, cikin ladabi. Ya ce tambayoyina ne suke tayar maka da jini, in bari sai ka warke. Ban yi musu ba. Na koma gida da abin da ya hana ni sakat duk watannin nan: ko na girgiza bangaskiyar dattijo a daidai lokacin da ya fi bukatarta, ko kuma kana kwance kana jin haushina.

Ga abin da Mama ta gaya mini. A kwanakinka na ƙarshe, da harshenka ya ɗan saki, kana ta maimaita, "Bai zo ba? A ce masa ya zo." 'Ya'yanka suka ɗauko fasto, ka gaisa da shi, ka ci gaba da tambaya. Sai suka yanke cewa Ubangiji kake kira, har Damilola ya ba da shaida a coci cewa mahaifinsa ya tafi yana ɗokin zuwan Almasihu. Jama'a suka yi kuka.

"Da fasto yake nufi, da Yarabanci zai faɗa," in ji Mama. "Addu'arsa ma da Yarabanci yake yi. Wa yake wa gardama da Hausa in ba ke ba? Na ce su kira ki, suka ce gajiya ce ke damuna." Ta gyara ɗankwalinta. "Har saƙo ya bar miki. Wai a ce masa, in matan ba su gaya wa kowa ba, shi mai rubutun a ina ya ji?"

Na zauna a kujerar nan tawa na yi dariya, hawaye na zuba. Ashe ba rushewa ka yi ba. Kana kwance, rabin jikinka ba ya motsi, kana shirya mini amsa.

Ka ga, Baba, ƙasa ba ta gama bushewa a kabarinka ba maganarka ta rabu gida biyu, kuma wadda ta fi daɗin ji ita ta hau mumbari. Wannan hujjata ce. Amma wadda ta san ainihin zancen mace ce, ta faɗa, aka ce gajiya ce. Wannan taka ce. Amsarka ba ta rufe maganar ba, da kana nan da na nuna maka inda take yoyo. Ban koma coci ba, kuma na san ba za ka so in yi maka ƙarya a ta'aziyya ba. Abin da na samu shi ne barci, wanda na daɗe ban yi irinsa ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama Funmilayo, da Damilola wanda ya yi abin da ya ga zai kare mahaifinsa, da sauran 'ya'ya da jikoki, da ɗalibanka da ke warwatse a Darmanawa da Hotoro da ko'ina. Allah ya ba ku haƙuri da dangana. Kai kuma Baba, Allah ya ji ƙanka, ya ba ka hutawa, ya sa ka tarar da abin da ka sa zuciya a kai. Ban san yadda addu'ar mai shakka take isa ba, amma kai ka ce Allah ya san wanda ake nufi.

Da na tashi tafiya Mama ta rako ni har zaure. Ta ce kujerar tana nan ranar Asabar, sai dai ita ba ta iya gardama ba, zoɓo kawai ta iya. Na ce zan zo. Ta tura ƙofar a hankali har ta rufu, na kama hanyar Tarauni.