Sikeli da Tsokar Yarinta

Yayana mahauci ne, shekara arba'in da ɗoriya yana fiɗa a mayankar da ke bayan kasuwa. A can ba wanda ya san shi da wani suna sai Sikeli, don in ya ɗaga cinyar sa da hannu ɗaya ya faɗi nauyinta, ɗora ta a ma'auni ɓata lokaci ne kawai. Ni dai Yaya nake ce masa. Mu biyu muka rage a ɗakinmu, kuma duk wanda ya san mu ya san ban taɓa bin maganarsa ba tun ina tatata. In ya ce gabas, to yamma na nufa. Shi da bakinsa yake cewa da za a sari kaina da gatari, gatarin ne zai ji jiki.

Mutum ne marar surutu, gajere mai faɗin kafaɗa, yatsansa ɗaya na hagu guntu ne, wuƙa ta ɗauke kan tun yana saurayi. Wuƙaƙensa uku ne, a naɗe cikin tsumma, kuma ko ɗan'uwansa mahauci bai isa ya wasa masa su ba. Abin da ya fi so a aikin ba yankan ba ne, buɗe cikin dabba ne. Dillalai su yi ta rantse-rantse cewa saniyar nan yarinya ce ɗanya shakaf, shi ko sai ya tsaga ƙirji ya zura hannu. A bayan ƙashin ƙirji, sama da zuciya, akwai wata tsoka fara-fara mai laushi. In maraƙi ne za ka same ta ta cika tafin hannu har ta haura wuya. In dabbar ta girma, tsokar ta fara motsewa. Tsohuwar saniya kuwa, lalube har ka gaji, kitse kawai za ka tarar a wurin. Tsokar yarinta yake ce mata, kuma da ita yake ƙaryata dillali a gaban jama'a ba tare da ya ɗaga murya ba.

Matarsa ni na raɗa mata Uwar Tsafta, tun makon da ta tare, sunan kuma ya bi ta har maƙwabta suka ɗauka. Ka ji ikon Allah, mace mai ɗaga kofi ta haska shi a rana kafin ta sha ruwa, ita ce ta auri mahauci. Bokiti da sabulu kullum suna bakin ƙofa suna jiransa, rigar aikinsa kuma tana da ƙusarta a waje, ba ta taɓa ganin cikin ɗaki ba. Nama in ta dafa sai ya narke ya rabu da ƙashi. Na sha ce mata wannan ai ba girki ba ne, wanki ne, ita kuma ta ce gara wankinta da ƙazantata. Shekara talatin da huɗu muna wannan faɗan, kuma ba ni da ƙawa kamarta. Allah bai ba su haihuwa ba, su biyu ne a gidan, sai ni mai leƙowa in tayar musu da ƙura in tafi.

Ciwon ya fara ne da wani ɗan kumburi a wuyanta. Aka je asibiti, aka yanki kaɗan aka gwada, aka ce ciwon daji ne. Sau shida aka yi mata ƙarin ruwan magani mai ƙarfi, gashinta ya zube, ta koma kamar tsinke, amma kumburin ya ɓace. Muka yi murna, har na yi guɗa a barandar asibiti wata nas ta harare ni. Ashe da sauran aiki. Yau zazzaɓi, gobe miki a baki, jibi tari. Abin da zai taɓa ni in yi atishawa biyu ya wuce, ita sai ya kwantar da ita mako guda.

A gadon da ke kusa da nata lokacin maganin akwai wata yarinya 'yar shekara tara, iri ɗaya aka yi musu. Bayan wata biyar muka haɗu da su ranar duba jini, yarinyar tana tsalle-tsalle tsakanin kujeru, uwarta tana bin ta da faɗa. Yaya ya daɗe yana kallon ta. Da muka shiga wurin likita, wata doguwa mai tabarau, shi da ba ya tambaya sai ya tambaya: me ya sa waccan ta miƙe, tasa ta kasa?

Likitar ba ta yi masa wulaƙancin da wasu kan yi ba. Ta juya takarda ta zana ƙirjin mutum. Ta ce a cikin jini akwai sojojin da ke yaƙar cuta, a ɓargo ake haifar su, amma wasu daga cikinsu sai sun je wani wuri an horar da su, sun koyi bambanta ɗan gida da baƙo. Waɗanda suka kasa koya a nan ake kashe su, kuma su ne suka fi yawa, kaɗan ne ke fita su shiga jini. Ta ce maganin da aka yi wa matarsa ya kashe ciwon, ya kuma share sojojin. A jikin yaro wurin horon nan babba ne, in magani ya motsar da shi yakan sake cika ya ci gaba da aiki. Amma daga balaga yake fara ƙanƙancewa da kansa, shekara bayan shekara. Ta faɗi sunansa da Turanci, ni dai bai zauna a kaina ba, ta ɗiga biro a bayan ƙashin ƙirji.

Yaya ya sunkuya ya dubi zanen. Ya ce fara-fara ce ko, mai laushi, sama da zuciya? In an tsufa kitse ke cin wurin? Likitar ta cire tabarau ta tambaye shi inda ya yi karatu. Ya ce a mayanka. Ta yi murmushi, ta ce to ya ma fi ɗalibanta ganin ta. Ta ƙara da cewa sojojin jinin tsofaffi ma sukan ƙaru, amma a hankali, wataƙila shekaru, wataƙila kuma ba za su taɓa komawa kamar da ba. Kafin nan sai kiyayewa: ruwa a tafasa, abinci ya dahu sosai, ban da taron jama'a, shi kuma kada ya kusance ta da kayan aiki.

Da muka fito ya jingina da bango. Na ce masa ai likita ta ce sukan ƙaru. Bai ko dube ni ba.

"Dabbobin da na buɗe da hannun nan ba su ƙirguwa," ya ce. "Ban taɓa zura hannu a ƙirjin tsohuwa na same ta ba. Ko sau ɗaya."

 Na ji haushin sanin nan nasa ƙwarai. Da jahilin abin ne kamar ni, da ya koma gida da ɗan sa rai.

Daga ranar ya kori kansa daga ɗakin. Likita wanka kawai ta ce da canza kaya, amma shi ya ce mayanka ba ta fita daga ƙarƙashin farce ko da wane sabulu. Ya kwashe shimfiɗarsa ya koma ɗakin ajiya. Ni na tare a gidan ina jinya. In ya dawo aiki da la'asar sai ya yi wanka sau biyu, ya jawo benci ƙarƙashin tagarta ya zauna, suna hira ta cikin labule. Ita tana tambayarsa ko ya cuɗa bayan kunne, shi yana ba ta labarin dillalin da ya kunyata yau. Wata uku ba ta ga fuskarsa sosai ba, sai inuwar hularsa a jikin labule.

Wata safiya ya dawo tun kafin hantsi, abin da bai taɓa yi ba, da ƙunshi a hannu. Ya kira ni bayan gida ya buɗe. Tsokar yarinta ce ta ɗan maraƙi, da ɗuminta. Ya ce tun suna yara a mayanka suka taso suka ga mai ƙarancin jini ana ba shi hanta, mai ciwon gwiwa ana ba shi ƙafa, to mai rashin wannan me za a ba shi? Sai dai fa, in ji shi, abu ne mai rai da laushi, in wuta ta ci shi ƙarfinsa ya tafi. In nuna wa naman kasko kawai, gefe da gefe, in sauke.

Na ce masa ya haukace. Na ce da kunnensa ya ji likita ta ce komai ya dahu, kuma ciki ba ƙirji ba ne, abin da aka haɗiya ba ya hawa ya manne a bayan ƙashi. Na faɗi maganganu da yawa, har da waɗanda ba a faɗa wa yaya. Ya tsaya yana ji, ƙunshin a hannunsa.

"Ƙanwata," ya ce, "ban taɓa roƙon ki komai ba. Sau ɗaya a rayuwarki ki bi maganata."

Na bi. Har yau ban san me ya shiga kaina ba. Tausayi ne, ko ni ma a ƙasan raina ina cewa wa ya sani. Na nuna wa naman kasko na sauke, na zuba a faranti na kai mata.

Uwar Tsafta ta sa cokali ta raba shi biyu. Cikin bai ko canza launi ba. Ta dube shi, ta dube ni, ta juya ta dubi labule inda inuwar hular take tsaye, ba a zaune ba. Sai ta ɗauka ta ci. Ta cinye tas, tana haɗiya da kyar, sannan ta ɗaga murya yadda zai ji ta ce ya yi daɗi, Allah ya saka da alheri. Kwana huɗu yana kawowa, kwana huɗu ina nuna wa kasko, kwana huɗu tana ci. A kwanakin nan har waƙa na ji yana yi a wurin wanka.

Rana ta biyar da hantsi amai ya fara, sai gudawa, sai zazzaɓin da ya sa haƙoranta kaɗawa. A asibiti likita ta tambayi abin da ta ci. Kafin in buɗe baki Uwar Tsafta ta riga ni, ta ce abin da ta saba ne. Bayan gwaji aka ce ƙwayar cuta ce ta bi ta hanji ta shiga jini, kuma babu isassun sojojin da za su tare ta. Na bi likitar baranda na gaya mata gaskiya. Ta ce cin wannan tsokar ba ya ƙara wa mutum komai, ɗanyen nama kuma haɗari ne babba ga mai irin jikin nan. Amma ba za ta rantse cewa shi ne ba, ruwa ma kan jawo, hannu ma kan jawo. Na gane tausaya mini take yi.

Kwana tara ta yi. Ana gobe za ta rasu, da rana, Yaya ya fita sayo magani, ta kama hannuna. Ta ce ta san bai dahu ba, ita da ta shekara talatin tana dafa nama. Amma mutumin nan wata uku yana zaune a ƙarƙashin taga ba abin da zai iya yi mata, ranar da ya samu abin yi, ita ce za ta mayar masa da faranti? Ta ce kada in kuskura in gaya masa, sannan ta ce in gyara ɗankwalina ya karkace.

Bayan masu gaisuwa sun watse da kwana biyu, ina share tsakar gida, ya fito ya tsaya a kaina. Ya rame, rigarsa tana lilo a jikinsa. Bai taɓa ganin farantin ba, ta labule kawai ya ji muryarta.

"Naman nan," ya ce. "Kin bi maganata, ko halinki kika yi?"

Na tsaya da tsintsiya a hannu. In na ce na bi, ya san abin da ya kashe ta, don ya ji an ce ta hanji cutar ta shiga. Na dubi yatsansa guntu, na dubi bencin da har yanzu yake ƙarƙashin taga.

Na ce, "Yaushe na taɓa bin maganarka? Dafa shi na yi har ya narke."

Ya daɗe yana kallo na. Sai ya gyaɗa kai a hankali.

"Shi ya sa bai yi mata aiki ba," ya ce, ya juya ya shiga ɗakin ajiya.

Shekara biyu ke nan. Yana nan yana fiɗa, amma an ce ya daina zura hannu a ƙirjin dabba, dillalai suna faɗin shekarun da suka ga dama. Bai yi mini faɗa ba, bai kuma sake zama a gidana ba. In mun haɗu a hanya yakan amsa gaisuwata yana kallon ƙasa. Duk ƙarshen mako yana kawo mini nama kamar yadda ya saba tun rasuwar mijina, sai dai yanzu a ƙusar ƙofa yake rataye shi, ya ƙwanƙwasa sau ɗaya. Kafin in sa takalmi in fito ya sha kwana.